Daga Allon Aduwa zuwa Majigi: Wa ke Tsaye a Bayan Malamin Jami'a a Ƙasar Katagum?

A shekarar 1976, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, yaron da ya gama sakandare a Azare yana son ƙarin karatu sai ya ɗaure kayansa ya nufi Zariya ko Kano ko Maiduguri. Yau lamarin ya sauya. A cikin garin akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, wadda aka kafa a 1977, akwai kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, ga jami'ar jiha a Gadau, arewa kaɗan da Azare, wadda ta fara aiki a 2011, daga baya aka raɗa mata sunan Sa'adu Zungur. Duk lokacin da aka tashi maganar inganta karatu a irin waɗannan wurare, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne kaya: kwamfutoci nawa aka sayo, ɗakuna nawa aka sa wa majigi, ko intanet ta kai ɗakin karatu. Tambayoyin ba su da laifi, sai dai an fara su daga wutsiya. Tarihin koyarwa a wannan ƙasa, tun daga tsangaya har zuwa yau, yana nuna cewa kayan aikin da suka zauna su ne waɗanda aka fara shirya malami a kansu, aka kuma ajiye wani mutum a kusa da shi mai taimaka masa. Waɗanda aka sauke daga mota aka yanke musu ƙyalle aka tafi, ba su cika daɗewa ba.

Masarautar Katagum kanta malami ne ya kafa ta. Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19, a kan iyakar ƙasar Hausa da Barno, kuma zaman wannan ƙasa ta Guddiri tsakanin Kano da Barno ya sa ta gaji tsarin karatun Alƙur'ani na gabas, wanda ya shahara da hadda da kyan rubutu. Idan aka dubi tsangaya da idon mai nazarin fasahar koyarwa, za a ga abin mamaki. Allon katako ne, sau da yawa na itacen aduwa, masassaƙin gari ke fafe shi. Tawadar gawayi ce da ƙaro, almajiri da kansa yake haɗa ta. Alƙalamin kara ne, in bakinsa ya dakushe a feƙe shi da wuƙa a ci gaba da rubutu. Takarda kuwa, wadda fatake ke kawowa ta hamada daga Tarabulus, tana da tsada, don haka sai a ajiye ta domin rubuta Alƙur'ani da littattafai, karatun yau da kullum kuma a bar shi a kan abin da za a wanke a sake rubutawa sau dubu. Babu ko ɗaya daga cikin kayan nan da zai lalace a ce sai an jira wani ya zo daga birni ya gyara. Amma ba katakon ne ya riƙe tsarin ba. Alaramma ɗaya ba zai iya biya wa yara ɗari kullum ba, shi ya sa aka yi matakai: kolo yana ƙarƙashin titibiri, titibiri yana ƙarƙashin gardi, gardin ne ke rubuta wa ƙanana babbaƙu da farfaru, ya saurari haddarsu, ya gyara musu kuskure kafin a ba su izinin wanke allo a yi ƙari. Ta haka gardi yake koyon koyarwa shekara da shekaru a gaban malaminsa kafin ya buɗe tasa makarantar. Wato tsangaya tana da abin da jami'o'inmu da yawa ba su da shi: hanyar da mai ilimi yake bi a hankali ya zama mai iya bayar da shi.

Turawan da suka ci ƙasar a 1903 sun fahimci wannan fiye da yadda ake zato, ko da yake don biyan bukatar kansu suka yi. Lokacin da Hans Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, da ajin malamai ya fara, manyan mutane da suka riga suka yi karatun Muhammadiyya, aka koya musu boko da lissafi domin su je su koyar a larduna. Kwalejin Katsina da aka yi bikin buɗewa a 1922 ita ma ta horar da malamai ce, daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito ya koma Midil ta Bauchi, makarantar lardin da aka haɗa Katagum da shi a 1926, bayan an riga an mai da fadar sarki Azare. Sabon kayan aikin wancan zamani baƙin allo ne da alli da littafin bugu. Baƙin allon ya karɓu nan da nan domin bai fi ƙarfin kowa ba: in ya koɗe, sai a sa yara su daka gawayi ko su fasa tsohon batir su cire baƙin garin ciki, a goge shi da ɗanyen ganye, washegari ya koma sabo. Littafi kuwa sai da aka kafa masa hukuma guda a Zariya a ƙarƙashin Rupert East, wadda ta fito da Magana Jari Ce na Abubakar Imam a ƙarshen shekarun 1930, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ba a ce wa malamin elementare ga injin buga littafi, je ka ji da kanka ba. An zaunar da mutane waɗanda aikinsu ke nan, su shirya masa abin da zai shiga aji da shi cikin harshen da yaransa ke ji.

Akwai wani misali na kishiyar haka a cikin masarautar, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. A shekarun 1920 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sansanin binciken ƙudan tsando da ciwon barci a Sharifuri, kusa da Azare, daga baya aka mai da shi Gadau. A shekarun 1930 masanin ƙwari T. A. M. Nash ya yi aiki a can, kuma binciken da ya yi a Gadau kan yadda zafi da laima ke kashe ƙudan tsando ko raya shi ya shiga mujallun kimiyya na duniya. Ke nan shekaru kusan tamanin kafin a buɗe jami'a, Gadau ta taɓa ganin madubin likita da ma'aunin zafi da ɗakin gwaje-gwaje. To amma an kafa wurin ne don a san halin ƙuda, ba don a dasa ilimin a zukatan 'ya'yan ƙasar ba, kuma da aka tattara aikin aka koma Kaduna, ilimin ya bi masu shi. Haka majigi, motar sinimar gwamnati da ke zagaya garuruwa tana haska fina-finan tsabta da noma a ƙofar fada. Jama'a na cika fili, a sha kallo, da safe mota ta wuce gari na gaba. Na'urar ta fi baƙin allo burgewa nesa ba kusa ba, amma ba a bar ta a hannun malamin gari ba, ba a kuma koya masa yadda zai gina darasi a kanta ba, saboda haka suna kawai ta bari, wanda har yau muke kiran na'urar haska darasi da shi.

Kwalejin Azare ta fito ne daga wata matsala irin wannan. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka kwararo fiye da yadda aka yi lissafi, aka gina azuzuwa, aka rasa masu shiga cikinsu su koyar. A wannan shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin horar da malaman da ke bakin aiki ta hanyar aika musu darussa, a shekara mai bi kuma sabuwar Jihar Bauchi ta buɗe babbar kwalejin horon malamai a Azare, irin waɗanda rahoton Ashby na 1960 ya share wa hanya, masu bayar da takardar NCE. Abin lura shi ne yadda irin waɗannan kwalejoji suka ɗauki fasahar koyarwa. A wurinsu darasi ne da dole ɗalibi ya ci, kuma babban ɓangarensa shi ne ƙirƙirar kayan aiki daga abin da ke kusa: taswira a jikin kwali, marafen kwalba don ƙidaya, siffar huhu da roba da balan-balan. Sai kuma ƙaramin gwajin koyarwa, dabarar da aka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963, inda ɗalibi zai koyar da 'yan ajinsu na mintoci kaɗan, a ɗauke shi a bidiyo in da hali, a zauna a nuna masa inda ya juya wa aji baya yana magana da allo, da inda ya yi tambaya ya amsa wa kansa, sannan ya sake. Daga nan a tura shi makaranta ta gaske wata da watanni, malamansa na bin sa da takardar duba aiki. Wanda zai koyar da 'yan aji uku na firamare ke nan. Amma wanda zai tsaya gaban ɗalibai ɗari biyar a jami'a, ko ya koya wa likitan gobe sassan jikin ɗan Adam, abin da aka fi tambayarsa shi ne digirinsa da maƙalun da ya wallafa. Ranar da ya kama aiki a miƙa masa jadawali, shi ke nan. Yawanci yadda aka koya masa haka zai koyar, ya karanto, su rubuta, ƙarshen zango su mayar masa da abinsa a takardar jarrabawa.

Ba a Najeriya kaɗai aka gwada sa na'ura a gaban malami ba, kuma sakamakon bai ɓoyu ba. Jamhuriyar Nijar ta fara koyarwa ta talabijin a 1964 da taimakon Faransa, masana suka yaba da darussan, amma shirin bai taɓa wuce ƙananan adadin azuzuwa ya game ƙasa ba. Kodebuwa ta ɗauki abin da girma a 1971, ta shimfiɗa shi a makarantun firamare na ƙasar, zuwa 1982 aka rufe shi bayan tsada ta yi yawa, iyaye da malamai kuma suka juya masa baya. A wannan ƙarnin an zo da shirin ba kowane yaro ƙaramar kwamfuta, har aka gwada shi a wata firamare a Galadima kusa da Abuja a 2007. Ƙasar Peru ce ta fi kowa sayen kwamfutocin, kuma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ƙarin ƙwazo a lissafi ko harshe ba. A gida kuwa, Cibiyar Fasahar Ilimi ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1977 daga baya ta koma hannun Buɗaɗɗiyar Jami'a, ita kanta jami'ar an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, ba ta farfaɗo ba sai 2002.

Mai ja da wannan magana yana da abin cewa, kuma ya kamata a saurare shi. Zai ce ai wannan begen jiya ne kawai, allo da tawada sun dace da hadda, amma ba a koyon tiyata ko haɗa magunguna da su, kuma jami'ar kimiyyar lafiya da ba ta da na'urorin zamani ba jami'a ba ce. Gaskiya ne, babu mai hankalin da zai ce a koma allon aduwa a ɗakin gwaje-gwaje, kuma tsangaya tana da nata aibobin da kowa ya sani, daga bara har zuwa duka. Abin da ake ɗauka daga gare ta tsarin mutanen ne, ba katakon ba. Hasali ma, koyon likitanci shi ya fi kowane fanni kama da wancan tsari, domin a gefen gadon majinyaci ƙaramin likita yake koyo daga babba, shi kuma ya nuna wa ɗalibi, kuma akwai babban asibitin tarayya a Azare tun kafin a kafa jami'ar. Gunkin roba mai numfashi da ake koyon ceton rai a kansa yana da amfani ƙwarai, amma sai in akwai malamin da ya san yadda ake tsara darasi da shi, da ma'aikacin da zai gyara shi ran da ya tsaya. In babu su, za a lulluɓe shi da leda a kulle ɗakin, a riƙa buɗewa ranar da masu tantance kwasa-kwasai suka zo.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Za a ce, wa ya horar da mutane a kan wayar hannu? Tun da layukan salula suka shigo a 2001, babu wata hukuma da ta zaunar da kowa, amma ga ɗalibai a Gadau da Azare suna tura wa juna darasi ta WhatsApp, suna kallon bayanin malaman Indiya a YouTube. Haka ne, kuma wannan ya ƙara tabbatar da rabin maganar: wayar ta zauna ne domin ta mai ita ce, yana iya cajinta a shagon bakin titi, in ta lalace akwai mai gyara a kasuwa, kamar dai allo da masassaƙinsa. Sai dai iya riƙe waya daban, iya koyarwa da ita daban. An ga haka a 2020. Da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, wanda shi ma ɗan Azare ne, ya umarci manyan makarantu su koma karatu ta intanet. Kusan kowane malami da ɗalibi na da waya a aljihu, amma a yawancin jami'o'in gwamnati karatu bai gudana ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU da ya kai har Disamba yana cikin dalilai, tsadar data da rashin wuta suna ciki, amma ko a inda aka gwada, abin da aka fi gani shi ne malami ya ɗauki hoton tsohuwar takardar darasinsa ya jefa a zauren WhatsApp. Ba laifinsa ba ne. Babu wanda ya taɓa nuna masa yadda ake yanka lacca ta awa biyu zuwa guntaye, ko yadda zai gane ɗalibin da ba ya gani ya fahimta ko bai fahimta ba.

Wasu kuma za su ce duk wannan magana ce ta mai ƙoshi, matsalar kuɗi ce da wuta, a fara samo su tukuna. Babu musu cewa majigi ba ya aiki da fatar baki, kuma a gari mai zafin Azare a watan Afrilu, ɗakin kwamfuta da babu wuta tanda ne. Amma kuɗin da ake samu ma, ina ake kai su? Asusun harajin ilimi da aka kafa a 1993 bayan gwagwarmayar malaman jami'a, wanda ya zama TETFund a 2011, ya canza fuskar manyan makarantun ƙasar nan, duk wanda ya shiga harabar ɗayansu zai ga sunansa a jikin gine-gine. Ya kuma sha tura malamai karo karatu gida da waje. Sai dai wannan karatun digiri na biyu ne da na uku a fanninsu, wato ƙarin sanin abin da za a koyar, ba sanin yadda za a koyar da shi ba. Dalilin fifita gini da kaya ba ɓoyayye ba ne: ana ganinsu, ana ƙirga su, ana ɗaukar hotonsu ranar buɗewa, akwai kuma kwangila a ciki. Albashin ma'aikacin fasaha ɗaya ƙwararre wanda zai zauna da malamai mako-mako bai kai kuɗin kwamfutoci kaɗan ba, amma ba wanda ake gayyata bikin ɗaukarsa aiki. Amma fa shi ne zai sa sauran kayan su yi shekara goma maimakon biyu.

Saura abu ɗaya da ba a cika faɗa a fili ba, wato girman kai. Dakta ko farfesa ba zai ji daɗi a ce wani zai zauna a bayan ajinsa ya gaya masa inda ya gaza ba, balle a ce mai gaya masan daga kwalejin ilimi ya fito. Wannan ba halin Najeriya kaɗai ba ne. A Ingila ma sai bayan rahoton Dearing na 1997 horar da sababbin malaman jami'a kan dabarun koyarwa ya zama ruwan dare, yau kuma jami'o'insu da yawa ba sa tabbatar da sabon malami a aiki sai ya yi. A ƙasar da gwani ke zama a gaban wani gwanin a yi darasu, a kama masa kuskuren wasali ɗaya ya karɓa ya gode, bai kamata duba aikin malami ya zama abin kunya ba.

Jami'o'in Gadau da Azare suna da wata dama da tsofaffin jami'o'i ba su da ita: ƙuruciya. Al'adunsu ba su gama sandarewa ba, malamansu da yawa matasa ne, kuma a kusa da su akwai kwalejin da ta haura shekara arba'in da biyar ba ta da sana'ar da ta wuce koya wa mutane koyarwa. Ba a bukatar jiran Abuja kafin makarantun uku su haɗa cibiya ɗaya ta taimakon malamai, mai ma'aikatan dindindin da wutar sola tata ta kanta, inda duk sabon malami zai yi zango guda ana ɗaukar darasinsa ana dubawa tare da shi, inda kuma tsohon malami zai iya shiga da tsohuwar takardarsa ya fito da darasin da zai buɗu a ƙaramar waya ba tare da ya cinye datar ɗalibi ba. Ɗaliban digiri na biyu su riƙa jagorantar ƙananan rukunoni ana biyansu, ana kuma duba su. Ga shugabannin waɗannan makarantu da majalisunsu, da 'ya'yan Katagum masu faɗa a ji da ke kai musu gudummawa: duk takardar sayen kaya da za a kawo muku daga yau, kafin ku sa hannu ku tambayi sunan ma'aikacin da zai kula da su, da ranar da za a fara horar da malaman da za su yi aiki da su. In babu amsa, ku mayar da takardar.